Igiyar Ɗanladi a Kogin Kawu Mamman

Shekara biyar ke nan da rasuwar Kawu Mamman, kuma ranar da suka cika ba a masallaci ta same ni ba. A cikin kogi ta same ni, ruwa har ƙugu, sanyi yana cin ƙafafuna, na rungume wani kifi da ya kusa kamo ni tsawo. Kifin ya juya ciki sama, da ƙyar yake motsi. A bayana taubashina Ɗanladi yana kokawa da igiyar da ya ɗaura masa a wutsiya. A gabanmu kuma ga wata Baturiya cikin koren kaki, da bindiga a ƙugu, ta kashe injin jirginta tana kallonmu. Irin jami'an nan ne masu kula da kifi da namun daji, waɗanda Kawu yake ce wa malaman daji.

Ba ta yi mana faɗa ba. Cewa ta yi irin wannan kifin doka ta hana a riƙe shi, in ya kama ƙugiyarka sakinsa za ka yi nan take. Ta ce in ya farfaɗo ya tafi da ƙarfinsa, za ta ja mana kunne ta ƙyale mu. In kuwa ya mutu dole ta rubuta, sunan wanda ya ɗaure shi za ta rubuta, maganar kuma sai gaban alƙali.

"Me ta ce?" in ji Ɗanladi.

"Ta ce ka yi sauri."

Ban fassara masa sauran ba. Saura 'yan makonni a kira shi da matarsa ganawar takardun zama, kuma lauyansa ya gargaɗe shi cewa kafin ranar ko takardar tarar shiga jirgin ƙasa ba biya kada ya bari a ba shi. Duk baƙon da yake New York a shekarun nan ya san yadda ake ciki. Abin da a da za a yi dariya a wuce, yanzu shi ne yake raba mutum da iyalinsa. Ko takardar malamar daji za ta kai ga haka, ni ban sani ba, kuma ba na son Ɗanladi ya zama wanda za a gwada a kansa.

Bari in koma baya, don wanda bai san Kawu ba ya san shi.

Ƙanin mahaifiyata ne. Basarke ne daga Yauri, kamun kifi ne sana'ar gidansu tun kakanni, ya ce shi bai ma tuna ranar da ya koyi iyo ba. Ya zo New York ya kama tuƙin tasi, ya zauna a unguwar Mount Hope ta Bronx da matarsa Anti Hajara, daga baya ya ɗauko ni ina yaro. Ni kuma zama wuri ɗaya bai taɓa karɓata ba. Saura shekara guda in gama sakandare na daina zuwa. Na yi wankin mota, na yi kai abinci a keke, na yi gadin shago, ko'ina kafin a gama sanin sunana na bar wurin. Mahaifiyata ta yi kuka a waya, dattawan masallaci suka yi ta kirana gefe. Kawu shi kaɗai ne bai ce komai ba. Wata Juma'a da yamma dai ya leƙo ɗakina ya ce, "Habu, gobe ka sa kaya masu nauyi."

Tafiya ce mai nisa, har sai ka wuce Syracuse, zuwa tafkin Oneida da kogin da yake fita daga cikinsa. Kowace kaka, da ganye ya fara ja yana zuba, Kawu yakan ajiye tasi ya nufi can. Lokacin ne ruwa yake yin sanyi, kifin da ake kira walleye yake barin zurfi ya biyo ƙananan kifaye zuwa gefe. Kawu bai taɓa yarda ya kira shi da sunan Turawa ba. Mai farin ido yake ce masa, don idonsa kamar na tsohon da yanar ido ta rufe. Namansa fari tas, ba ƙarni, in Anti Hajara ta yi farfesunsa har maƙwabtanmu 'yan Kumasi sai sun ƙwanƙwasa ƙofa su ce gaisuwa suka zo.

Abin da ya fara ba ni haushi da Kawu a kan ruwa shi ne awo. Ya manna ma'auni a murfin kular da muke zuba kifi, duk kifin da ya fito sai ya kwantar da shi a kai. In bai kai tsawon da doka ta ce ba, ko da ɗan yatsa ne, sai ya mayar da shi. Labari ya kai majalisar ƙofar masallaci, suka sa masa suna tela. "Tela, yau yadi nawa ka auno mana?" Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce wanda bai ci farfesun ba ya ɗaga hannu.

Sau ɗaya tak na ga ya kama irin kifin da na rungume ranar nan. Sturgeon ake ce masa, Kawu kuma Tsoho yake kiransa. In ka gan shi za ka gane dalili. Bakinsa a ƙasa yake, da 'yan gemu a gaba, bayansa kuma ƙasusuwa ne a jere kamar na kada. Kawu ya ce wani cikinsu ya girmi kakan mutum, macen kuma sai ta kai shekarun da ake gama jami'a kafin ta fara ƙwai. Ranar ya sha wuya kafin ya jawo shi gefe. Ina ta tsalle ina cewa a ɗaga shi in ɗauki hoto. Ko kallona bai yi ba. Ya shiga ruwa da takalminsa, ya zare ƙugiyar, ya juya kan kifin ya fuskanci inda ruwa yake zuwa, ya sa hannu a ƙarƙashin cikinsa ya tsaya. Na gaji da jira har na zauna. Da kifin ya tafi, na ce masa wallahi in aka ji wannan a Yauri sai an cire shi daga Sarkawa.

Ya ce, "Za a cire ni ɗin. Giwan ruwan da babana yake kamawa, mutum biyu ne suke ɗaukarta. Ka je yau ka nemo mini irinta. Su ma mutanen nan sun kusa cinye nasu, kunya ce ta kama su daga baya."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya ce in miƙo masa shayi.

A watan Oktoba ya rasu. Zuciya ce, ya faɗi a garejin tasi, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Sandunan fatsarsa suna cikin but ɗin motar, ya riga ya shirya tafiyar makon. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ni na kwashe sandunan na jingine su a bayan ƙofar ɗakina, ban sake taɓa su ba. Duk kaka nakan ce bana zan je, sai in sami abin da zan fake da shi.

Ɗanladi ne ya sa na je. Ɗan yayan Kawu ne, shi ɗan namiji ni ɗan mace, don haka tsakaninmu ba a gaisawa sai an yi tsiya. Shekara biyu da zuwansa. Ya auri Memuna, 'yar zangon Ghana da aka haifa a nan, suna zaune a Stapleton, yana aiki a wani shagon kayan abincin Afirka, yana yanka kifin firiza da injin zarto. Mutumin da ya tashi a kwale-kwale, wanda yake gane wurin kifi daga launin ruwa. Wata rana na hau feri na tsallaka ruwa na je wurinsa, na same shi ya ɗaga wata ƙarfasa da ta daskare kamar katako, ya ƙwanƙwasa ta a tebur ya ce, "Ɗan mace, wannan tun ina Yauri ta mutu." Dariya na yi, amma shi bai yi ba. A feri ina komowa na kira Anti Hajara na ce sadakar Kawu ta bana kada ta sayi kifi, daga koginsa za mu kawo.

Na yankar mana lasisin kamun kifi mu biyu. A hanya na yi masa bayanin tsawon mai farin ido da adadin da aka yarda kowa ya ɗauka. Maganar Tsoho ba ta ko zo mini a rai ba, abin da sau ɗaya na taɓa gani a rayuwata.

Muka yi hayar ƙaramin jirgi muka shiga kogin. Da safe abin bai yi armashi ba, 'yan kaɗan muka samu. Ɗanladi ya juya sandar Kawu ya ce wannan ta 'yan gayu ce. Ashe ya zo da nasa zaren mai kauri, ya naɗe a jikin gorar ruwa, da ƙugiya babba. Ya soka tana ya jefa can ƙasa ya riƙe zaren da yatsa. Bayan mun yi azahar a bakin ruwa na ce bari in je in sayo mana mai da shayi. Na je, na tarar da wani dattijo mai sayar da tana, hira ta yi daɗi, na biya na duba wata tsohuwar mota da aka kafa wa alamar sayarwa. Halina dai.

Da na dawo na tarar da Ɗanladi ya miƙe ƙafa a cikin jirgi yana waƙa. Rabon da in ga fuskarsa haka tun a hotunan gida.

"Zo ka ga aikin 'ya'yan maza," ya ce, ya nuna mini igiyar da ta sauka cikin ruwa daga bayan jirgin.

Wanda bai san Sarkawa ba zai ce mugunta ce. A wurinmu in ka kama babbar giwan ruwa ba ka kashe ta, ba ka kuma ɗora ta a kwale-kwale rana ta buge ta. Ɗaure ta kake yi ka bar ta cikin ruwa da ranta, don naman ya isa kasuwa lafiya. Abin da ubansa ya koya masa ke nan, kuma ya yi shi da kyau. Sai dai ɗaurin wutsiya a ruwa mai gudu yana juya kan kifi ya kalli inda ruwan yake tafiya, numfashi ya gagare shi. Ban san tsawon lokacin da ya yi a haka ba. Da na jawo igiyar na ga ƙasusuwan bayan nan, na gane Tsoho ne.

Na ce masa a sake shi yanzu. Ya kalle ni kamar na zagi iyayensa. Ya ce ranar sadakar Baba Mamman Allah ya kawo abin da zai ciyar da masallaci guda, ni kuma in ce a mayar? Ya ce Amurka ta gama da kaina. Muna cikin wannan muka ji ƙarar inji daga kwanar kogin. Ban tsaya cire takalmi ba na faɗa ruwan.

To, a nan na bar ku ɗazu.

Ƙullin ya sha ruwa ya ƙi kwantuwa, Ɗanladi kuma Basarke ne, ba ya yanka igiya mai kyau. Na ce ya yanke. Ya kai hannu aljihu zai zaro wuƙa, na ce ya tsaya, kada ya motsa. Na juya na gaya wa matar cewa ɗan'uwana yana da wuƙar kifi a aljihu, muna so ya fito da ita ya yanke igiyar. Wanda ya girma a Bronx ya san ba a zaro ƙarfe a gaban mai bindiga ba tare da an faɗa ba. Ta ce ya fito da ita. Ya yanke.

Na juya kifin ya kwanta daidai, na sa kansa ya fuskanci ruwa, na tallafe cikinsa. Fatarsa kaushi gare ta, tana kartar hannu. Da na sassauta sai ya sake kifewa. Na sake juya shi. Matar ta ce kada in riƙa tura shi gaba da baya, in riƙe kawai, ruwan zai yi aikinsa. Ban ce mata na taɓa gani ba.

Ɗanladi ba ya jin Turanci sosai, amma ba wawa ba ne. Ya ga ta fito da abin rubutu ta ajiye a cinya. Ya rage murya ya ce, "Habu, don Allah me ta ce ɗazu?" Rabon da ya kira ni da sunana na manta. Na gaya masa duka. Ya ajiye wuƙar, ya sauko cikin ruwan da wandonsa, ya kama wajen wutsiyar a hankali, ya fara salati ƙasa-ƙasa.

Ban san iya lokacin da muka ɗauka ba. Ƙafafuna sun daina jin sanyi, sun daina jin komai ma. Ganye yana faɗowa ruwa ya wuce da shi. Ina kallon murfin nan na gefen kan kifin inda yake numfashi, ya ɗaga kaɗan, ya daɗe, ya sake ɗagawa. Ina tunanin Memuna da cikinta ya fara fitowa. Ina tunanin da wane baki zan gaya mata ni na kai shi. A rayuwata ban taɓa tsayawa cak a wuri ɗaya haka ba, kuma ko sau ɗaya raina bai ce in matsa ba.

Sai na ji jikinsa ya yi tauri a hannuna, kamar mutum zai tashi daga barci. Na sassauta, bai kife ba. Na ce wa Ɗanladi ya saki. Kafin ya gama saki kifin ya kaɗa wutsiya sau ɗaya, ya make shi a ƙirji, sai ga Ɗanladi zaune daɓas cikin ruwa har wuya. Da muka duba, inuwa kawai muka gani tana yin ƙasa.

Matar ta mayar da abin rubutunta aljihu. Ta duba lasisinmu ta miƙo mana, ta buɗe kula ta auna 'yan kifayenmu a ma'aunin Kawu da yake manne har yanzu, duk sun kai. Ta ba ni wani ɗan littafi mai hoton kifaye ta ce in fassara wa ɗan'uwana tun daga farko har ƙarshe, sannan mu je mu canza kaya kafin sanyi ya kwantar da mu. Ɗanladi yana ɗigar ruwa ya durƙusa a bakin kogi irin gaisuwar gida, yana ta "tankiyu madam". Ita har ta rasa inda za ta sa ido.

A mota na kunna hita har ƙarshe. Haƙoranmu sai haɗuwa suke don sanyi. Can Ɗanladi ya nisa ya ce, "Amma fa da ya ishi masallaci biyu."

Na jinkirta rubuta wannan ne sai da aka yi ganawar tasu. An tambaye shi ko an taɓa kama shi ko an kai shi kotu, ya ce a'a, kuma gaskiya ya faɗa. Katinsa na zama ya zo. Shi ya ce in rubuta, da sharaɗin in faɗi cewa da zaren hannu ya kama, ba da sandar 'yan gayu ba. Ga shi na faɗa.

Ina yawan tambayar kaina me Kawu zai ce da ya ga yau. Tasin da ya ƙare rayuwarsa a ciki ta zama abin tausayi, ni kaina yanzu waya ce take gaya mini wanda zan ɗauka da inda zan kai shi. Na san zai ce wannan ba tuƙi ba ne, aike ne. Majalisar ƙofar masallaci ta rage dariya, hirar duk ta koma wa aka tsare, wa aka mayar. Su da suke ce masa tela, yanzu kowa tela ne, kowa yana auna takunsa. Sai dai su tsoro ne ya sa su, shi kuwa tun ba a tsorata kowa ba yake yi, kuma ban taɓa ganin ya yi don malaman daji ba. Sau da yawa daga mu sai ruwa.

Ba na jin zai yi wa Ɗanladi faɗa. Ya san abin da hannun masunci yake ji in ya shekara biyu bai ja abu mai rai ba. Ni zai kalla, ya tambaye ni shayin nan a Syracuse aka dafa shi ne.

Bai bar gadon gida ba, bai bar mota ba, tasin ma ta haya ce. Bai mayar da ni makaranta ba, bai kuma taɓa zaunar da ni ya yi mini wa'azi ba. Har gobe ina canza aiki, har gobe ƙafata tana ƙaiƙayi. Amma ranar da abu ya ɓaci, hannuna ya san inda zai tallafa, ya san ina kan kifi zai kalla, ya kuma san cewa sauran aikin jira ne. Ban san na ɗauka ba. Ina zaune ne a jirgi ina fushin an hana ni hoto.

Kafin mu tayar da mota ranar, da yatsun da suka ƙi lanƙwasuwa, na tura wa Anti Hajara wannan:

"Salamu alaikum Anti. Mun taso, mu biyu lafiya lau. Kifin ba zai ishi sadaka ba, ki sa Memuna ta ƙaro daga shago. Mun kama babba amma mun mayar. Faɗan da kike yi wa Kawu in ya dawo da kula rabi, ki ajiye mini, ina zuwa in karɓa."